Moci Mai Askirim: Asalinsa, Yadda Ake Yinsa, da Abin Lura Kafin a Saya

'Yan uwa da dama, musamman masu yara a Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa, sun sha cin karo da wani ɗan kwali a sashen kayan sanyi na manyan kantuna, mai hoton wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu launi daban-daban kamar an mulmula fura, an rubuta mochi a jikinsa. Yara na sonsa ƙwarai, kuɗinsa ba kaɗan ba ne, su kuma iyaye tambayarsu ba ta wuce uku: mene ne wannan abu, da me aka yi shi, kuma ya halatta Musulmi ya ci? A wannan bayani zan yi ƙoƙarin amsa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan in kawo yadda ake haɗa shi a gida ga mai sha'awa. Zan riƙa rubuta sunan da moci, domin haka Japanawa ke furta shi.

Mene ne moci mai askirim?

A taƙaice, ɗan curin askirim ne da aka naɗe shi cikin siririyar fata ta tuwon shinkafa mai zaƙi da danƙo, aka barbaɗa masa garin sitaci a waje don kada ya manne wa hannu, kamar dai yadda mai fura ke barbaɗa wa furarta gari. Girmansa bai kai ƙwan kaza ba, nauyin guda ɗaya kan kama daga giram 30 zuwa 45, gwargwadon kamfanin da ya yi shi. Ana cinsa da hannu ko da ɗan tsinke, loma biyu ko uku ya ƙare. Ɗanɗanon da aka fi samu su ne banila, cakulan, mangwaro, kwakwa, sitiroberi, baƙin riɗi, jan wake, da garin koren shayi wanda ake kira matcha.

Asalin moci a Japan

Shi moci kansa tsohon abinci ne. Tun zamanin da Japanawa ke kira Heian, wato daga shekarar 794 zuwa 1185, ana yinsa a bukukuwa, musamman na shiga sabuwar shekara. Wata irin shinkafa ce gajera mai suna mochigome ake jiƙawa ta kwana, a turara ta, a juye a turmi tun tana da zafi, a yi ta kirɓawa. Duk wanda ya ga ana kirɓa sakwara ko fufu ya ga yadda aikin yake: mutum ɗaya na duka da wata ƙatuwar guduma ta katako, ɗayan na tsoma hannu a ruwa yana juya abin da ke cikin turmin tsakanin duka da duka. Wannan aiki sunansa mochitsuki, kuma har yau ana taruwa a yi shi a unguwanni da makarantu a ƙarshen shekara. A tatsuniyarsu ma, duhun da ake gani a jikin farin wata zomo ne yake dakan moci.

A zamanin Edo, cikin ƙarni na 18, aka fara sayar da moci mai ciko a ciki, wanda ake kira daifuku, ma'anarsa babbar sa'a. Cikon jan wake ne da ake kira azuki, a dafa shi da sukari har ya zama kamar tuwo. Shi kuwa askirim baƙo ne a ƙasar, domin a shekarar 1869 aka fara sayar da shi a birnin Yokohama. Moci mai askirim haɗin waɗannan biyu ne: an ɗauki siffar daifuku, an cire waken, an sa askirim a gurbinsa.

Kamfanonin da suka fito da shi

A Japan, kamfanin Lotte ne ya kawo shi kasuwa. A shekarar 1980 ya fara da wani askirim mai suna Wataboshi, wanda aka naɗe da alewa mai laushi irin ta mashmalo. A shekarar 1981 sai ya musanya wannan fata da ta shinkafa, ya sa wa sabon kayan suna Yukimi Daifuku. Kalmar yukimi na nufin kallon dusar ƙanƙara, kuma sunan ya dace da manufar kamfanin, domin so yake a sha askirim a lokacin hunturu, sa'ad da cinikin kayan sanyi ke mutuwa. Shi ya sa aka yi masa jan mazubi mai tuna wa mutum ɗumi, guda biyu a ciki da ɗan cokali mai yatsu na roba. Shekara da shekaru a kaka da hunturu ake sayar da shi, sai a 2018 aka mayar da shi na kowane lokaci.

A Amurka kuwa, labarin na wani kantin kayan zaƙi ne mai suna Mikawaya, a unguwar Japanawa ta birnin Los Angeles, wanda ya kasance a hannun dangin Hashimoto daga 1910. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta tsare mutane 'yan asalin Japan a sansanoni, aka rufe kantin a 1942, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan sansanoni, wato Poston a jihar Arizona, aka haifi Frances Hashimoto a 1943. Ita ce ta karɓi ragamar kantin a 1970. Mijinta Joel Friedman ne ya kawo shawarar a naɗe askirim da moci, aka ɗauki shekaru ana gwaji, har aka fara sayar da shi a farkon shekarun 1990. Frances ta rasu a 2012, aka sayar da kamfanin a 2015, kuma daga gare shi ne tambarin My/Mochi ya fito, wanda ake gani a kantunan Amurka. Akwai kuma Bubbies wanda ya faro daga tsibirin Hawai.

A Birtaniya, wata mata mai suna Vivien Wong da ɗan uwanta Howard ne suka kafa Little Moons a Landan a shekarar 2010. A farkon 2021 matasa suka yi ta yaɗa hotunansa a TikTok, har ya riƙa ƙarewa a kantuna. Daga nan ne yawancin yaranmu na Ingila suka san shi.

Sirrin shinkafar

Mai karatu na iya cewa, to ai mu ma muna da tuwon shinkafa, me ya hana a naɗe askirim da shi? Amsar tana cikin sitacin shinkafar. Sitaci iri biyu ne a cikin kowace ƙwayar hatsi. Akwai amilos, wanda ƙwayoyinsa ke jere kamar miƙaƙƙen zare, akwai kuma amilofektin, mai rassa kamar ƙaya. Shinkafar da muka saba ci tana da amilos kimanin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, shi ne ke sa ta yi warara idan ta dahu, kuma shi ne ke sa tuwo ya yi tauri ya riƙa gutsurewa idan ya huce. Ita kuwa shinkafar moci kusan ba ta da amilos ko kaɗan, amilofektin ne zalla. Idan ta dahu rassan nan sai su sarƙe da juna su riƙe ruwa, a sami abu mai danƙo wanda za a ja ya miƙe bai tsinke ba. Saboda haka ko shinkafar tuwo mafi laushi ba za ta yi wannan aiki ba.

Turawa na kiran wannan shinkafa da wani suna mai kama da gulutin, wato sinadarin nan na alkama da wasu mutane ba sa iya ci. Sunan daga kalmar manne ya samo asali, ita shinkafar ba ta da gulutin. Sai dai wanda likita ya hana wa alkama ya duba kwalin duk da haka, domin wasu nau'o'in askirim ɗin akan zuba musu garin biskit.

Yadda fatar ke zama da laushi a cikin firiza

A nan ne aikin ya zama na injiniyoyi, kuma shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina saboda sana'ata. Matsaloli uku ne sai an warware su.

Ta farko ita ce daskarewa. Askirim sai an ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Moci na gargajiya, wanda shinkafa ce da ruwa kawai, idan ya kai wannan sanyi dutse yake zama, ba haƙorin da zai iya da shi. Maganin wannan shi ne sukari. Ruwan da sukari ya narke a cikinsa ba ya daskarewa a sifili sai an yi ƙasa da haka, kuma ko an yi ƙasa ɗin, wani kaso na ruwan yana nan bai zama ƙanƙara ba. Don haka fatar da ake naɗe askirim da ita ta fi kusa da abin da Japanawa ke kira gyuhi, wato garin shinkafa mai danƙo da aka dafa da sukari mai yawa da ruwan zaƙi na sitaci.

Ta biyu ita ce tsufan sitaci. Dafaffen sitaci idan ya huce, ƙwayoyinsa kan koma su jeru su matse, su fitar da ruwan da suka sha. Abin da ke busar da burodi ke nan, shi ne kuma ke sa tuwon da ya kwana sai an yi ɗumame. Wannan tsufa ya fi sauri a sanyin firji, wato daga sifili zuwa digiri 4 ko 5, a firiza kuwa kusan tsayawa yake yi. Sukari na rage masa gudu. Masana'antu kan ƙara wani sinadari mai suna beta-amiles, wanda ake samu daga waken suya ko sha'ir, yana datse bakin rassan sitacin don kada su sami damar jeruwa. Wasu kuma na amfani da wani nau'in sukari mai suna tirehalos, wanda bai kai sukarinmu zaƙi ba, kuma kamfanin Hayashibara na Okayama ne ya gano hanyar yinsa da araha a 1994.

Ta uku ita ce haɗa mai zafi da mai sanyi. Sitacin shinkafa ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 60 zuwa 75, kuma kwaɓin ya fi sauƙin sarrafawa yana da ɗumi. Shi kuwa askirim yana fitowa daga injinsa a wajen digiri 5 ko 6 ƙasa da sifili, da ɗumi ya taɓa shi sai ya narke. Dole a sanyaya kwaɓin har ya daina narkar da askirim, amma kada ya yi sanyin da zai ƙi miƙewa. A masana'anta ana amfani da inji mai bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya: askirim na bin na ciki, kwaɓi na bin na waje, su fito tare kamar igiya mai ɓargo. A bakin bututun akwai wasu faranta da ke buɗewa suna tsukewa kamar idon kyamara, su ne ke yanke igiyar su kuma rufe bakin fatar a lokaci guda. Irin wannan inji Torahiko Hayashi ne ya ƙirƙiro shi domin kayan zaƙin Japan masu ciko, ya kafa kamfanin Rheon a Utsunomiya a 1963. Daga nan sai curin ya bi ta wani rami mai iska mai tsananin sanyi, wajen digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili, domin daskarewa da sauri ke sa ƙwayoyin ƙanƙara su zama ƙanana, askirim ya yi santsi a baki.

Ajiya da ci

Daga wannan bayani mai karatu zai gane dalilin ƙa'idojin da ake rubutawa a kwali. A fitar da shi daga firiza a bar shi kamar minti 5 kafin a ci, domin zafi daga waje yake shiga, fatar ce ke fara laushi alhali cikin yana nan a daskare. Kada a ajiye shi a firji, domin askirim zai narke, fatar kuma ta tsufa. Kada a mayar da wanda ya narke cikin firiza, domin ƙanƙarar da za ta sake fitowa manya-manya ce, fatar za ta tsage, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta a madarar da ta ɗumama. A kanti, kwalin da ya jiƙe ko ya yi ƙanƙara a ciki alama ce ta cewa ya taɓa narkewa a hanya. Wannan ya fi shafar wanda ya je hutu gida ya gan shi a kanti a garin da wuta ke yawan ɗaukewa.

Batun halal

Shinkafa, sukari, ruwa da madara duk halal ne. Inda ake buƙatar lura shi ne ƙananan abubuwan da ake ƙarawa, kuma guda huɗu ne nake dubawa a kowane kwali.

Na farko jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, galibi alade ko saniya. Ba a cika sa shi a fatar moci ba, amma yakan shiga wasu nau'o'in askirim da alewar mashmalo. Na biyu sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, mai lamba E471 a Turai, wanda ana iya yinsa daga man tsiro ko kitsen dabba, kuma lambar kaɗai ba ta nuna wanne ne. Na uku jan launi mai lamba E120, wanda daga wani ƙwaro ake samo shi, kuma a kayan da ke da launin ja ko ruwan hoda ake tsammaninsa. Na huɗu barasa. Ruwan banila na asali a cikin barasa ake jiƙa shi, dokar Amurka ma ta ce sai barasar ta kai kashi 35 cikin ɗari na ruwan kafin a kira shi da wannan suna, ko da yake abin da ke shiga curi ɗaya ɗigo ne ƙanƙane. Akwai kuma kayan zaƙin Japan da ake zuba wa giya da gangan domin ƙamshi.

Idan kwali na da alamar cewa ya dace da marasa cin nama, to an huta da ukun farko, amma wannan alama ba ta cewa komai a kan barasa. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan abin da ke cikin kayan ƙamshi irin na banila, don haka kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi mai tambarin wata hukumar halal da aka sani. Ga wanda ya sayi kwalin da aka shigo da shi kai tsaye daga Japan, ga alamomi uku da zai nema a jerin kayan haɗi: 酒 na nufin giya ko barasa, 豚 na nufin alade, ゼラチン kuma jelatin ne. Kamfanoni kan canza kayan haɗinsu, saboda haka dubawar bara ba ta wadatar da ta bana.

Lafiya

Babban haɗarin moci shi ne shaƙewa. Danƙonsa na sa ya manne a maƙogwaro, ruwa kuma ba ya wanke shi. A Japan kowace shekara hukumar kashe gobara ta Tokyo kan yi gargaɗi a kai idan sabuwar shekara ta gabato. Hukumar kula da masu sayayya ta ƙasar ta ƙidaya mutum 661 masu shekara 65 zuwa sama da suka mutu ta wannan hanya a shekarun 2018 da 2019, kuma a watan Janairu abin ya fi yawa. Wannan ƙidaya ta moci gaba ɗaya ce, wanda na gargajiya mai kauri ne ya fi yawa a teburin sabuwar shekara. Fatar na askirim siririya ce, amma kayan haɗin iri ɗaya ne. Shawarata ita ce a yanka wa ƙananan yara da tsofaffi shi gida huɗu, su ci a zaune, babba na kusa, kuma kada a bai wa yaron da bai iya tauna sosai ba. Tsohon da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko yake wahalar haɗiya, gara a ba shi askirim ɗin kawai.

Sai batun sukari. Curi ɗaya na da kuzari kimanin kalori 70 zuwa 100, kuma zaƙin ta fuska biyu yake zuwa, ciki da fata, ga shi sitacin wannan shinkafa na saurin komawa sukari a jini. Mai ciwon suga ya kiyaye. Masu rashin jituwa da madara, ƙwai, waken suya, riɗi ko gyaɗa su ma su karanta kwali.

Yadda ake yinsa a gida

Yin na gida ya fi araha, kuma mutum ya san abin da ya zuba. Garin ana samunsa a shagunan 'yan Asiya. Na Japan sunansa shiratamako ko mochiko. Na ƙasar Tailan mai tambarin Erawan, wato giwa mai kai uku, wanda aka yi wa rubutu da koren launi shi ne mai danƙo, mai jan rubutu garin shinkafa ne na yau da kullum, ba zai yi ba.

Kayan haɗi na kimanin guda 12: garin shinkafa mai danƙo giram 100, sukari giram 60, ruwa mililita 180, sitacin masara ko na dankalin Turawa kamar rabin kofi na barbaɗawa, da askirim rabin lita.

Da farko a ɗebi askirim da cokali a yi curi-curi kamar girman lemon tsami, a jera a faranti mai leda, a mayar firiza ya kwana. Wannan shi ne rabin aikin, domin curin da bai yi tauri ba ba ya naɗuwa. Washegari a dama gari da sukari da ruwa har gudaji su ɓace, a zuba a kwano a turara a madambaci minti 15, a juya sau ɗaya a tsakiya. Mai na'urar ɗumama abinci zai iya rufe kwanon ya ba shi minti ɗaya, ya juya, ya ƙara minti ɗaya, ya juya, ya ƙara rabin minti. Alamar nuna ita ce farin ya gushe, kwaɓin ya yi sheƙi. A barbaɗa sitaci sosai a kan tebur, a juye kwaɓin, a sake barbaɗawa a samansa, a murza shi da abin murza fulawa ko kwalba har kaurinsa ya dawo kamar milimita 3. A sa a firji minti 20 kacal don ya huce, sannan a yanka da bakin kofi mai faɗin santimita 9, a karkaɗe ragowar sitacin.

A wajen naɗi sauri ake so. A shimfiɗa 'yar leda, a ɗora fata ɗaya, a fito da curi ɗaya tak daga firiza, a ɗora a tsakiya, a tattaro bakin fatar a matse, a murɗe ledar, a mayar firiza nan take kafin a ɗauko na gaba. Ɗumin hannu ma na narkar da shi, don haka safar hannu ta roba na taimakawa. Bayan awa 3 ya yi. Kada a rage sukarin da nufin neman lafiya, domin kamar yadda bayani ya gabata, shi ne ke hana fatar zama dutse. Wanda ke gudun zaƙi ya rage yawan abin da zai ci. Na gida ba shi da sinadaran masana'anta, don haka a cinye shi cikin mako ɗaya ko biyu.

Kammalawa

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: a karanta kwali kafin a saya, a ajiye a firiza, a jira minti 5 kafin a ci, a kuma yanka wa yara da tsofaffi. Uwargidan da ta gwada na gida, ta fara da askirim na banila ko mangwaro mai tambarin halal, idan hannu ya faɗa sai ta gwada sauran. Allah Ya ba mu lafiya, Ya tsare mana zuri'a a duk inda muke zaune.